Babanku da Takardar Aurenmu

Ku zo nan ku zauna, dukkanku. Likita, ajiye wayar nan, marasa lafiyarka ba guduwa za su yi ba. Ruƙayyatu, tura ƙofar, ko da yake na san kunnen babanku yana manne da bango. Kai kuma Abdulsalam, in dariya za ka yi, yi ta yanzu ka gama, don na san kai ka fara tura bidiyon nan wa 'yan'uwanka. Ƙarshen abin kuka gani a waya. Ni zan ba ku farkonsa, sannan ku raba wannan rigima.

Kun san halin da nake ciki a benen nan na Hulme, nan Manchester. Tun da council, hukumar garin nan, ta shiga tsuke bakin aljihu, lift ɗin nan in ya yi aiki yau sai ya huta wata guda, ni kuwa gwiwata ta riga ta yi sallama da hawa na shida. Ga shi tun da kuka watse aka ce sai mun biya harajin ɗakunan da babu kowa a ciki. Sai Allah ya kawo mana flat na ƙasa, ɗaki ɗaya, da ɗan fili a baya inda zan shuka alayyafo. Masu gidan suka ce to, amma sunana daban, nasa daban. Na ce ƙwarai, ni Batulu Abdulƙadir ce, ubana bai yi mini laifin da zan yar da sunansa ba. Suka ce in dai ana so sunana ya hau takardar haya tare da nasa, a kawo shaidar aure kafin ƙarshen wata, in ba haka ba su ba na bayanmu a layi.

Ke Ruƙayyatu kin ce a bari ki nema online. Kin tuna amsar da ya ba ki?

"Online na ragwaye ne. Ni da na san Ingila tun ana sa kwabo a mita? Ofishin rajista ai gidana ne. Ina shiga za su miƙe."

Ga abin da ban taɓa zama na ba ku labarinsa ba. An ɗaura mana aure a Kano a 1981, shi yana nan yana karatun masaƙa, wanda har yau muna jiran ya gama. Da aka kawo ni, gidan Yaya Kubura na sauka a Balsall Heath, can Birmingham, don shi ɗaki ɗaya yake kwana da ƙarti uku. Sai ya ji wai ba a ba ma'aurata gida sai da takardar Turawa. Ya ce yana da exam a Manchester, don haka ya wakilta amininsa, Baffanku Ɗan'azumi Jumare, ya je ofishin rajista na Birmingham ya karɓa masa. Babu wanda ya ga abin mamaki. A garinmu wane ango ne yake karɓar aurensa da bakinsa? Muka je sau biyu, ni da Ɗan'azumi da Yaya Kubura. Turancina a lokacin bai wuce yes da thank you ba, na Ɗan'azumi ya fi nawa da kaɗan. Aka ce in maimaita, na maimaita. Aka ba mu takarda a ambulan, aka aika wa babanku, ya jefa a akwati bai buɗe ba, don kafin nan wani ɗan Zariya ya koma gida ya bar masa flat. Akwatin kuwa ya bi tsofaffin benayen Hulme ranar da aka rushe su.

To, ran Litinin mutumin naku ya ci ado. Babbar riga ta shadda, kwat a sama, hula zanna, ga briefcase wanda babu komai a ciki sai goro da tsohon hoto. Celestina maƙwabciyarmu, 'yar Jos ɗin nan da ta yi ritaya daga aikin nas, ta gan shi a bakin matakala.

"Oga Falalu, minista aka ba ka?"

"Madam, harkar gwamnati ce. Kafin ki dafa shayi na dawo."

Ya dawo kuwa da wuri, don ya tarar an tashi. An rage ma'aikata, rabin rana ake yi. Washegari aka ce sai da appointment. Ya yini da waya a kunne ana kaɗa masa kiɗa, har na ga yana gyaɗa kai. Ranar da ya samu shiga, Celestina ta bi shi, wai za ta kasuwa, alhali kwarkwatar idonta za ta kashe. Ita ta ba ni labari tana riƙe da ciki. Wai yana zuwa ya zaro hoton ɗaurin auren Kano ya shimfiɗa a kan kanta: dattawa jere a tabarma, ga ƙwaryar goro a tsakiya. Ma'aikacin ya duba ya ce wanne ne kai a ciki? Ya ce ba na ciki. Amaryar fa? Ya ce ita ma ba ta ciki, wace amarya ce take zama cikin maza? Bawan Allah ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tambaya a wane gari aka yi na Ingilar. Da ya ji Birmingham, ya ce ai littafin yana can inda aka yi auren.

Babanku ya shigo gida yana huci kamar wanda ya ci yaƙi.

"Na matsa musu sai da suka faɗi inda suka ɓoye shi."

Na ce, "Alhaji, ai ni ma na gaya maka Birmingham ne."

"Ke kin faɗa, su sun tabbatar. Da bambanci."

Ashe tun kafin ya ga ko gefen takardar ya riga ya buga wa Injiniya Uba, shugaban ƙungiyar 'yan Arewa ta Birmingham, ya ce taron wannan Asabar a mayar da shi walimar cikar aurenmu shekara talatin da uku. Na ce wa ya taɓa bikin talatin da uku? Ya ce shi zai fara, wasu su kwaikwaya. Ya sayo firam mai ruwan gwal wanda ya kai faifai girma. Wai a gaban jama'a za a buɗe takardar, yaran zamani su ga yadda ake aure mai lasisi.

Ran Juma'a Celestina ta sauko da ni mataki mataki, ina kiran sunan Allah a kowane hawa. Muka shiga tsohuwar motarsa. Celestina ta ciro waya za ta kunna mai nuna hanya, ya ce ta kashe.

"Na san Birmingham tun ba a haifi wanda ya ƙera wannan ba."

Lafiya lau muka zo har wurin nan da tituna suka harɗe sama da ƙasa kamar taliya a tukunya. Ya shiga. Muka hau, muka sauka, muka zaga, muka sake hawa. Wata farar mota da ta lalace a gefen titi sai da direbanta ya fara ɗaga mana hannu, don ya saba da mu. Celestina ta ce, "Oga, a nan za mu yi walimar?" Ya ce yana duba gyaran da aka yi ne tun bayan zuwansa. Da Allah ya tashi fitar da mu sai ya jefa mu Erdington, a daidai layin Ɗan'azumi. Babanku ya taka birki ya ce, "Kun gani? Da ma nan na nufa."

Kun san Baffanku tun da ya bar tuƙin bas, matarsa kuma ta rasu, shi kaɗai ne a gidan nan nasa na ƙasa. Babu mataki ko ɗaya, sai tumatir da ya shuka a baya jajur. Na shiga na fita ban ce wash ba. Ya kawo mana shayi ya ce zai raka mu ofishin, don an canja masa wuri tun tuni. Babanku ya ɗaga masa hannu.

"Zauna, Ɗan'azumi. Kai aike ka je. Yau mai abu ne ya zo da kansa."

Muka shiga gari. Can ya hango wani tsohon gini da dogon layi a ƙofarsa, ya faka a karkace.

"Ga shi nan. Na gane ƙofar."

Na ce, "Ka gane ƙofar da ba ka taɓa shiga ba?"

"Hajiya, ki bar harkar boko ga 'yan boko."

Na bar masa. Muka zauna a mota muna cin dambun nama. Sai da muka kusa ganin gindin roba sannan ya ɓullo, leda biyu a hannu, briefcase a hammata, hula ta karkace. A cikin ledar waken gwangwani ne, da taliya, da ganyen shayi, da madara. Bayansa kuma ga Rahmatu matar Dokta Eli tana biye, idonta fal ƙwalla. Ashe wurin rabon abinci ne ga waɗanda abin hannunsu ya ƙare, ita kuma tana taimakawa a can ran Juma'a. Da layi ya zo kansa aka tambaye shi me ke tafe da shi, sai ya gyara riga ya fara jawabi: matarsa ba ta iya hawa bene, gida zai kuɓuce musu, shekara talatin da uku yana fama, yau ya zo karɓar haƙƙinsa. Wata tsohuwar Baturiya har da rungume shi.

Rahmatu ta leƙo ta taga ta kama hannuna. "Mama, me ya sa ba ku faɗa ba? Ai mu 'ya'yanku ne."

Kafin in buɗe baki babanku ya ce, "Ba komai, 'yata, karramawa ce suka yi mini." Ya faɗa kujera, muka ji ƙaras. Tabaransa na karatu ne ya zaune.

Ɗan'azumi muka bugo wa a ƙarshe, Celestina ta riƙe wayar, yana faɗa muna bi, babanku yana cewa ai da ma nan zai juya. Muka isa ofishin gaskiya ana shirin rufewa. Wannan karon na ce da ni za a shiga. Wata matashiya ta karɓe mu, ya ba ta sunansa harafi harafi, har da muƙamin da ya riƙe a ƙungiyar ɗalibai. Ta duba, babu. Ya ce ta duba shekarar baya. Babu. Ta gaba. Babu. Ya juya ga mutanen da ke zaune yana shaida musu cewa tsuke bakin aljihun nan ya kai har an fara sayar da littattafan aure. Ta ce to sunan amarya fa? Na faɗa mata da bakina. Nan take ta ce ga shi.

Sai ta ɗaga kai ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Mr Jumare?"

"Yes, yes, Jumare," in ji babanku. "My representative." Ya juyo gare ni. "Kin ga aikin Bature? Har sunan wakili sai da suka rubuta."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya ɗaga mata yatsa. Ya ce a buga, a sa a ambulan, a liƙe, ya biya na gaggawa. Ni kuwa Turancina a ɗakin jiran asibiti da gaban talabijin na koye shi, amma idon mace na iya karanta shi tun ina goye. Na ga idon yarinyar nan. A mota na ce ya ba ni in duba. Ya kulle briefcase ya sa makullin a hula.

"Gobe za ki ji tare da kowa."

Na ce, "To, Allah ya kai mu."

Ran Asabar muka isa hall ɗin Balsall Heath muka tarar da buhunan shinkafa jingine a bakin ƙofa, da jarkokin mai, da katan katan na tumatir. Labarin Rahmatu ya zaga gari. Kowa ya zo gaishe mu sai ya sassauta murya ya ce Allah ya kawo sauƙi. Wani akawu ya cusa wa babanku ambulan a aljihu ya gudu. Babanku ya raɗa mini, "Kin ga farin jini? Ko bikin 'yar gwamna albarka."

Aka ci aka sha, ya karɓi makirufo. Ya yi wa samari faɗa a kan auren da babu tsari. Ya ce shi tun yana saurayi ya san dokar ƙasar nan ciki da bai, shi ya sa ya yi abinsa a rubuce, da hatimi. Ya ce duk mai neman takarda a kowane ofishi ya same shi bayan taro, kyauta. Sannan ya zaro makulli daga hula, ya buɗe briefcase, ya miƙa wa Injiniya Uba ambulan, tunda shi ba tabarau.

"Karanta da ƙarfi, Injiniya, na baya su ji."

Uba ya farke, ya gyara murya. Ya karanta kwanan wata. Ya karanta Batulu Abdulƙadir, mata suka rangaɗa guɗa. Sai ya tsaya.

"Ci gaba mana."

"Alhaji, ko mu ɗan fita waje?"

"A nan za a yi. Sunan ango!"

Uba ya dubi rufin ɗaki, ya dubi takarda, ya ce, "Ɗan'azumi Jumare."

"Wannan wakili ne. Duba layin ango."

"Layin angon ke nan, Alhaji."

"To nawa sunan yana ina?"

Uba ya juya takardar gaba da baya, har ya ɗaga ta saitin fitila. "Ba ka ciki."

Daga can baya Celestina ta ce, "Kamar hoton Kano!" Ta zame daga kujera. Hall ya kece. Yaya Kubura da ba ta ji sosai tana ta jan mayafina tana cewa me aka ce, wa ya mutu? Ɗan'azumi kuwa cinyar kaza ce a bakinsa, ya kasa haɗiyewa, ya kasa fitarwa.

Babanku ya yi kansa, makirufo a hannu, ya manta a kunne yake.

"Maci amana! Na aike ka ka karɓo mini, ka karɓa wa kanka!"

Ɗan'azumi ya cire cinyar. "Falalu, ji tsoron Allah. Baturen ya ce sunanka, na faɗi sunana. Ƙarya zan yi wa hukuma?"

"Ba ka ce masa wakili ne kai ba?"

"Na ce I am for my friend. Ya ce very nice."

"Shekara talatin da uku kana cin tuwon gidana!"

"To ashe ma tuwon gidana nake ci."

Nan wasu suka fita waje don numfashi. Babanku ya ce da ba don exam ba da babu ƙaton da zai tsaya masa a wurin. Ɗan'azumi ya goge hannunsa da tisu a hankali, ya miƙe.

"Wane exam? Ran Asabar? Wanda aka rubuta a filin ƙwallon Maine Road? Ni na saya maka tikitin ƙwallon, Falalu. Ka ce aure ana iya aikawa, wasa kuwa sai da ido."

Wannan ba ya cikin bidiyon, don mai ɗauka wayarsa ta faɗi. Ni dai na tashi da gwiwar nan tawa, na taka har gaba ba tare da na dafa kowa ba, na karɓi takardar daga hannun Uba na sa a jakata. Na ce wa babanku, "An ci ko an sha kashi?" Ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Canjaras aka yi." Firam ɗin gwal ɗin a can muka baro shi. Shinkafar kuwa na sa aka mayar wa Rahmatu ta kai inda ake buƙata.

To ga inda muke. Manasseh ɗan Celestina, lauyan nan, ya duba ya ce abin zai warwaru, amma sai Ɗan'azumi ya sa hannu a takardar rabuwa, daga baya a ɗaura mana sabo a rajista. Masu flat sun ce in suka ga wasiƙar lauya cewa an fara, za su riƙe mana. In wata ya ƙare babu, shi ke nan.

Ɗan'azumi ya ce shi wakili ne, kuma tunda an kira shi maci amana a lasifika, ba zai ƙara yin komai da ra'ayinsa ba. Sai wanda ya aike shi ya buɗe baki ya ce masa, je ka saki. Babanku kuma ya ce in ya umarci wakilinsa ya saki, ai shi ya yi sakin. Liman ya gaya masa takardar Turawa ba ta taɓa igiyar da aka ɗaura a Kano ba, ya ce ya ji, amma harshensa ba zai furta kalmar nan a kaina ba ko da za a kwana a titi. Tunda nake da mutumin nan ban taɓa jin magana mai daɗi irin wannan daga bakinsa ba, ita ma ga shi za ta ci mini gida.

Ni na riga na ɗaure kayana. A gaban Allah mijina yana ɗakin can yana saurarenmu. A gaban council kuwa mijina yana Erdington, kuma ku tuna wa babanku cewa gidansa babu mataki. Don haka ku tashi. Likita, kai yake jin kunya, shiga ka same shi. Ruƙayyatu, ki ɗauki mota ki je ki lallashi Baffanku, ki tafi masa da yajin nan da yake so. Ku haɗa su a ɗaki ɗaya ku kulle, kar a buɗe sai an sa hannu.

Kuma ku gaya masa, ranar da za a ɗaura sabon, da ƙafarsa zai je ya tsaya kusa da ni. Don jiya da kunnena na ji shi a waya yana tambayar Injiniya Uba ko yana da wani uzuri ran Asabar.